Binciken 'Yar Mai Kemis

Ubanta ne ya laƙaba mata Lauya tun tana 'yar firamare, saboda ba ta yin abin da aka ce ta yi sai ta ji dalili. In an aike ta sayen gishiri sai ta tsaya tambayar inda na jiya ya shiga. Sunan ya bi ta, har yau da furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalinta haka 'yan gidansu suke kiranta, ko da yake ba ta taɓa tsayawa gaban alƙali ba. Aikinta bincike ne, a wata 'yar cibiya da ke saman bene a kan shagon masu sayar da taya, inda mutum bakwai ko takwas suke ɗaukar doka guda su bi sawunta, su ga abin da ta yi wa aljihun jama'a da lafiyarsu bayan an gama tafa mata a majalisa. Irin aikin nan ne da in ka gama yi wa dangi bayaninsa sai su gyaɗa kai, su ce Allah ya kawo babban aiki.

Uban kuwa Mai Kemis ake ce masa, alhali rabonsa da kemis ya haura shekara talatin. Da shara ya fara, a ɗakin magani na asibitin gari. Mutum ne mai ido da kunne, abin da ya gani sau ɗaya ya zauna. Daga tsintsiya aka matsa da shi zuwa zuba ƙwayoyi a ambulan, daga nan zuwa dafa allura, kafin a ankara in layi ya yi tsawo nas-nas sukan miƙa masa sirinji su ce ya rage musu. Takarda kuwa ko ta shaidar shara ba shi da ita. Da ya ɗan tara sai ya kama shago a bakin layinsu, ya yi masa farin fenti, ya jera kwalabe, ya sa benci a gaba da labule a baya inda ake yin allura. Asibiti ga nisa, ga layi, ga tsawar ma'aikata, shi kuwa ga shi a ƙofar gida, ga fara'a, ga sanin sunan kowane yaro. Nan da nan unguwa ta koma ce masa likita. Yakan ce a'a, shi ba likita ba ne, amma a hankali yake faɗi, yadda ba kowa zai ji ba.

Kuma a faɗi gaskiya, mutumin yana da tsabta. Allurarsa sai ta tafasa sosai, maganin da kwanansa ya ƙare da hannunsa yake zubarwa, bai kuma taɓa sayen kayan 'yan jaka masu yawo da magani a rana ba. A ƙarshen kantar shagon Lauya take aikin gida in an taso makaranta, cikin warin sifirit da auduga, tana jin iyaye mata suna shigowa da kuka suna fita da godiya. A wurinta duniya ba ta da wanda ya kai ubanta.

Tana ajin ƙarshe na firamare dokar ta zo. An ce daga yanzu ba mai yin allura ko sayar da magani mai ƙarfi sai wanda ya karanci haɗa magunguna yana da takarda, kuma duk shagon da ba irin wannan mutum a ciki a rufe shi. Da rana tsaka suka iso, ma'aikata biyu da ɗan sanda. Ba su yi wa kowa tsawa ba, har gaisawa suka yi da shi hannu biyu, kuma wannan ladabin ya fi duka ciwo. Suka kwashe kwalaben cikin kwali, suka sa kwaɗo, suka manna jar takarda a ƙofa, unguwa ta cika tana kallo. Mai Kemis yana tsaye da farar rigarsa ta aiki, ya tambayi babban cikinsu, “Wa ya kai ƙarata?”

“Ba wanda ya kai ƙararka, baba,” in ji mutumin. “Doka ce ta kowa da kowa.”

Wannan amsa ce ta tsaya masa a rai. Da an ce wane ne ya yi ƙara, da ya je ya kare kansa. Amma a hukunta mutum ba mai ƙara, ba shaida, ba wanda ya leƙa bayan labulensa ya ga yadda yake aiki, wannan bai taɓa shiga kansa ba. Ya gwada sayar da kayan masarufi, abin bai karɓe shi ba, ya ƙare a mai kula da sito wurin wani mai sayar da siminti. Babban ɗansa, wanda Lauya take ce wa Yaya, ya bar sakandare ya tafi koyon gyaran kayan wuta, don karatun mutum ɗaya kawai gidan zai iya ɗauka. Duk wannan Mai Kemis ya shanye. Abin da ya kasa shanyewa shi ne waɗanda jiya suke ce masa likita, yau suna cewa a bayan idonsa, ashe ma ba shi da takarda.

“Ki yi karatu, Lauya,” yakan ce mata duk ƙarshen zango in ta kawo sakamako. “Ki je har inda ake ƙera dokokin nan, ki nuna musu da hujja cewa zaluntata aka yi. Ba shagon nake so a dawo mini da shi ba. Sunana nake so.” Ran da za ta tafi jami'a ta durƙusa gabansa ta ce, “Baba, in ina da rai sai na wanke ka.” Ba wanda ya sa ta. Yarinya ce, kuma tana son ubanta.

Shari'a ta fara karantawa, kamar yadda kowa ya zata, sai ta lura kotu ba ta tambayar ko doka tana da amfani, tambayarta kawai an bi ko ba a bi ba. Ta wannan hanya kuwa ubanta ya faɗi tun kafin a zauna. Sai ta sauya sheƙa zuwa tattalin arziki, inda aka yarda a ɗora doka a kan sikeli a tambaye ta me ta jawo. Uban ya ɗan yi fushi, ya ce ya aika a sayo masa lauya an kawo masa mai ƙirga farashin albasa, amma da ta yi masa bayani ya sauko. Ta yi digiri ɗaya bayan ɗaya, ta yi aure, ta haihu, ta bi sawun dokar haya da ta masu babur, dokar magunguna tana nan a ranta ba ta sauka ba. Shi kuma ciwon suga ya ci idonsa a hankali har ya daina gani, ya koma zaman ɗaki da rediyo a cinya, yana jiran ranar.

Akwai wata ƙa'idar aiki a cibiyar da suke ce wa zaman ɗaure hannu, kuma Lauya ce ta kawo ta. Ta gaji da ganin binciken da ake fara yanke hukunci sannan a je neman alƙaluman da za su yi masa rakiya. Don haka ta matsa har aka yarda cewa kafin ka taɓa alƙaluma, sai ka tara abokan aiki ka faɗa musu abin da kake zaton samu, da irin sakamakon da in ya fito ka yarda ka faɗi, da abin da za ka sa a shafin farko. Kowa ya sa hannu. Daga nan ba gyara ba kwaskwarima, abin da ya fito shi za a buga ko da zai kunyata mai shi. Ta yi faɗa da mutane a kan wannan, har wani ya bar aiki saboda ita, ko a jikinta. Lokacin ƙa'idar ba ta taɓa cizon ta ba, shi ya sa muryarta take fita da ƙarfi.

Sai ga shi majalisa ta kafa kwamitin da zai sake duba dokar magunguna, kwamitin kuma ya nemi cibiyar ta kawo masa hujja. Daraktar cibiyar, wata dattijuwa mai magana ƙasa-ƙasa, ta kira Lauya ofis ta rufe ƙofa.

“Na san kin daɗe kina jiran wannan,” ta ce. “Shi ya sa nake tsoron ba ki. Jininki yana ciki.”

“Shi ya sa ma ya kamata ki ba ni, ranki ya daɗe. In na ɗaure hannuna gaban kowa, wa zai ce 'yar mai kemis ta murɗa?”

“In kuma bai fito yadda kike so ba fa?”

Lauya ta yi murmushi kawai. A ranta tambayar ba ta da wurin zama.

Ranar zaman ta miƙe ta karanta da babbar murya. Tana zaton dokar ta sa magani ya yi tsada, ta nisanta shi daga talaka, kuma ba ta rage mutuwar ƙananan yara ba. In aka tarar mutuwar ta ragu bayan rufe shagunan, to ta faɗi, kuma da bakinta za ta gaya wa kwamiti. Maganar yaran ce za ta zauna a shafin farko, ta yi daɗi ko ba ta yi ba. Mai lissafin cibiyar, wanda suke ce wa Jimla, wani siriri mai barkwanci da ba ya rabo da tsinken sakace a baki, ya sa hannu yana cewa, “Dakta, ɗaurin nan ya yi tsauri, ki bar wa hannun wurin susa.” Aka yi dariya. Da ta ba uban labari sai ya sa aka kira masa mai aski, ya ce a sayo wa rediyo sabon batir, ya kuma aika wa tsofaffin abokansa cewa su kasa kunne, magana ta kusa fitowa.

Abin da ya sa binciken ya yiwu ba wata dabara ba ce, jan ƙafar gwamnati ne. Lokacin da aka yi dokar ma'aikatar ba ta da isassun motoci da sufetoci, sai ta riƙa rufe shagunan gunduma bayan gunduma, wata bana, wata sai bayan shekaru. Saboda haka ana iya jera gundumar da aka rufe wa shaguna da wuri da maƙwabciyarta da ba a kai gare ta ba tukuna, a ga inda suka rabu. Lauya da Jimla suka bi asibitoci suna roƙon a buɗe musu ɗakunan ajiya. Sun sha fama da kashin ɓera, sun ɗaga rijistar da gara ta ci rabinta, sun yi zaman jiran mai makulli da ya tafi cin abinci tun safe. Aikin ya ci kusan shekara biyu. Duk ziyarar da ta kai gida, kafin ta gama cire takalmi uban zai ce, “Lauya, ina aka kwana?” Ita kuma ta ce, “An kusa, Baba.”

Wata safiya Jimla ya leƙo ofishinta ya ce ta zo. Ba tsinke a bakinsa. A ƙasa masu taya suna ta buga ƙarfe, ya jawo mata kujera gaban kwamfuta. Ya fara nuna mata farashi, magani ya yi tsada bayan dokar kamar yadda ta ce. Ya nuna mata nisa, mutane sun koma doguwar tafiya neman abin da yake ƙofar gidansu da can. Ta ji sanyi a ranta, har ta fara tsara yadda za ta faɗa wa uban. Sannan ya buɗe na ukun. Layi biyu ne, na gundumomin da aka rufe wa shaguna da wuri da na maƙwabtansu, suke tafe kafaɗa da kafaɗa har zuwa shekarar da aka rufe shaguna, daga nan ɗaya ya gangara ƙasa ya bar ɗan'uwansa. Mutuwar yara ta ragu a inda aka rufe, kuma ba kaɗan ba.

“Ka sake,” ta ce.

“Na sake, Dakta. Tun shekaranjiya nake sakewa.”

Suka wuni a kai, duk ta inda suka juya shi abu ɗaya yake faɗa. A ƙauyukan nesa, inda ba asibitin da za a je, dokar ba ta tsinana komai ba sai wahala. Amma a unguwannin gari, inda hawa mota ɗaya kawai yake kai mutum asibiti, nan ta ceci yara, kuma rijistar ta nuna dalili. Kafin dokar yaro yakan iso asibiti bayan ya kwana biyu uku da zazzaɓi ko gudawa, an yi ta yi masa allura a shago, jiki ya riga ya saki. Bayan dokar uwa ba ta da inda za ta tsaya a hanya, sai ta wuce kai tsaye tun ranar farko. Unguwar gari mai nisan mota ɗaya da asibiti, ai unguwarsu ke nan.

Jimla ya ce, “Na ƙauyen ma gaskiya ne. In muka sa shi a gaba muka tura wannan can baya, ba mu yi ƙarya ba. Wa yake karanta rahoto har ƙarshe?”

“Me muka ce za mu sa a shafin farko?”

Ya kau da kai.

“Da hannunka a takardar, Jimla. Da nawa.”

Da dakewa ta faɗi haka, amma ta tashi ta shiga banɗaki ta kulle, ta buɗe famfo don kada a ji, ta yi kukan da rabonta da irinsa tun ranar jar takarda. Ta tsani ƙa'idar, ta tsani bakin da ya kawo ta, ta tsani Jimla da ya iya lissafi. Masu cewa 'yan bincike ba su da zuciya ba su taɓa ganin ɗayansu ya sami amsar da ba ya so ba. Ta wanke fuska, ta koma ta rubuta shafin farko da kanta. Ta ba da shawarar a sassauta wa ƙauyuka, a kuma buɗe wa masu shago irin ubanta hanyar zama jarrabawa su sami izinin sayar da ƙananan magunguna. Amma ta rubuta a fili cewa kada a soke dokar.

Saura uban. Kwamiti a bainar jama'a zai zauna, gidajen rediyo za su ɗauka, mutumin kuma ba abin da yake wuce kunnensa. Ta fara zuwa rumfar Yaya. Ta same shi ya buɗe cikin wata fanka, ta gaya masa komai yana riƙe da sukudireba bai ajiye ba.

“Ki gaya masa rabi,” ya ce. “Magani ya yi tsada, mutane sun wahala. Ƙarya ne?”

“Ba ƙarya ba ne.”

“To shi ke nan. Mutumin nan ba gani yake ba, balle ya karanta. Kwana nawa ya rage masa?”

“Rediyo fa, Yaya?”

“Rediyo ai sana'ata ce. Waya ɗaya zan cire, in ce sai an kawo kayan gyara.”

“Abokansa da ya ce su kasa kunne fa, su ma za ka cire musu waya? Gara ya ji daga bakina da ya ji a bakin mai zuwa jaje.”

Yaya ya ajiye sukudireban a hankali. “Ni aka cire daga makaranta don ke ki je ki wanke shi. Ban taɓa yi miki gori ba. Yanzu kin dawo da duk digirorinki ki ce masu kwaɗo ne suke da gaskiya.” Ya juya ga fankarsa. “Ki je. Amma ban da ni.”

Bai faɗi abin da ba haka ba. Ta juya ta fito.

Ana gobe zaman kwamiti, da la'asar sakaliya, ta isa gidan. Uban yana kan kujerarsa ta gefen taga, rediyo a cinya an rage murya, Inna mahaifiyarta tana bakin gado tana ninke wanki. Tun daga tsakar gida ya gane ta.

“Lauya ce? Yau tafiyarki da nauyi. Ko takardun ne kika ɗauko a ka?”

Ta gaishe su, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa yadda ta saba, ta ce an gama. Ya kashe rediyon da kansa, ya gyara zama, ya ɗora hannuwa a gwiwa.

Da mai daɗin ta fara, kuma ta san tsoro ne ya sa. Ta ce magani ya yi tsada bayan dokar, talaka ya sha tafiya, a ƙauye kuma wahala kawai ta kawo. Fuskar tsohon ta washe, ya juya wajen da yake jin motsin matarsa. “Kin ji ko? Me nake gaya miki shekara da shekaru? Ci gaba, Lauya, Allah ya yi miki albarka.”

“Akwai saura, Baba.”

Ba ta yi kwana-kwana ba, don ta san in ta fara ba za ta iso ba. Ta ce yaran da suke mutuwa sun ragu bayan an rufe shagunan, kuma gobe za ta gaya wa kwamiti kada a soke dokar. Inna ta tsaya da zane a hannu.

Tsohon bai ɗaga murya ba. Tambaya ya shiga yi, ɗaya bayan ɗaya, har ta ga inda ta gado halin. Ba lokacin ne aka fara rigakafi gida-gida ba? Ta ce sun ware wannan. Ruwan famfo fa? Sun ware. Ba a gina sabon asibiti ba? Sun duba, ba shi ba ne. To a wane irin wuri abin ya fi yawa? Ta ce a cikin gari.

“Irin nan?”

“Irin nan, Baba.”

Ya gyaɗa kai kamar wanda ya samo bakin zaren. “To 'yan jabu ne, da masu allura ɗaya mutum goma. Na san su, ni ma na yi ta faɗa da su. Su suka ja mana. Ni kin san yadda nake dafa allurata.”

Nan ne wurin da za ta iya tsayawa. Da hannunsa ya buɗe mata ƙofar fita, abin da ya rage ta ce haka ne, ta tashi. Amma gobe za ta faɗi dalilin gaban jama'a, kuma zai ji.

“Akwai nasu, Baba. Amma ba datti ne ya fi yawa ba, jinkiri ne. Uwa takan kawo yaro shago yau, ta dawo gobe, ta dawo jibi, saboda ta yarda da mai shagon. In ta isa asibiti an makara.”

“Saboda ta yarda da shi,” ya maimaita.

“E.”

“Wato wanda ba a yarda da shi ba, gobe uwa ba ta dawowa, sai ta wuce asibiti.” Ya karkato kai wajenta. “Wanda aka fi yarda da shi kuwa...”

Bai ƙarasa ba, ita ma ba ta ƙarasa masa ba. A waje wani yana tura baro yana kiran masu sayen gawayi. Inna ta ce, “Malam, ka bar maganar nan haka, ka sha maganinka.” Ya ɗaga mata hannu.

“Lauya, ina cikin lissafin nan naku?”

“Baba, binciken bai san mutum ɗaya ba. Gunduma yake gani, shaguna birjik. Ba zai iya cewa wane ya yi ko wane bai yi ba.”

“Ban tambayi binciken ba. Ke nake tambaya, ke da kika zauna a kantar nan kina kallo.”

Amsar tana bakinta, amsar da take ɗauke da ita tun tana yarinya. Amma shekarun da ta yi tana koya wa kanta kada ta faɗi abin da ba ta duba ba suka riga ta. Ba da niyya ba, hankalinta ya koma kan bencin nan, yana neman fuskokin matan da suka zo yau suka dawo gobe, yana tambayar ina suka ƙare. Numfashi ɗaya abin ya ɗauka, bai fi ba. Mai ido ba zai lura ba, shi kuwa da kunne yake rayuwa.

“Baba, ni na san ka,” ta ce da sauri, ta kama ƙafarsa. “Ban taɓa ganin wanda ya kai ka kula ba. Wallahi ban taɓa gani ba.”

“Na ji,” ya ce. “Na ji duka.”

Bai janye ƙafar ba, bai kuma yi fushi ba, da ma fushin ya yi da ya fi mata sauƙi. Duk shekarun nan haushin zalunci ne yake tayar da shi da safe, shi ya riƙe masa baya a miƙe a cikin sito da cikin duhun idonsa. Tana zaune tana kallo bayan nasa ya saki, kafaɗun suka sauko, ya zama tsoho kawai a kan kujera. Ta yi alkawarin dawo masa da sunansa, ga shi ta karɓe har abin da yake riƙe da shi a madadin sunan. Baƙin ciki ya cika ta, irin wanda ba a samun wanda za a ɗora wa laifinsa.

Leɓɓansa suna ta motsi kamar mai ƙirga. Can ya juya wajen matarsa.

“Yaron mai waldar nan na bayan layi, wanda uwarsa take kawowa a goye da zazzaɓi, da suka tashi daga unguwar ba sallama. Kin ƙara jin labarinsa?”

“Wane mai walda kuma, Malam? Shekara nawa yanzu?”

“Mai ɗan tabo a goshi. Ta kawo shi, ta sake kawowa, ta sake, daga nan ban ƙara ganinta ba.” Ya lalubo kan Lauya da hannunsa ya dafa. Muryarsa ta yi laushi, irin ta mai neman alfarma a wurin babba. “Ke da kika iya bincike. Ki bincika mini shi.”

Ba sunan uwar, ba sunan yaron, ba wanda ya san inda suka nufa. Ta kuma san bayan wannan yaron akwai wani da zai tuno, bayan shi ma akwai wani.

“To, Baba,” ta ce.